Bakin da Bai Hau Waƙa Ba

Ku ajiye salular nan ku saurara, tunda kun ce yin kilip ba aiki ba ne. Jiya ma na ji ɗayanku yana cewa wai ko akuya aka ba waya za ta ɗauko mawaƙi yana rawa. To madalla, a ba akuyar mu gani. Ni dai Lawali nake, mutumin Mirya ta ƙasar Damagaram, kuma a nan Tamanrasset gemuna ya yi fari, ido ɗaya a rufe, ɗaya a cikin kamera. Kullum kuna yi min dariya wai ina cika faifai da ƙarar iska, ba na kashe mikoro ko ana tsakiyar guguwa. Yau zan gaya muku dalili, amma sai kun bi ni daga farko, don ba na fara tuwo daga ƙanzo.

Kamar ku na zo garin nan, da 'yar jaka da ƙarfin ƙirji. A shantiye na fara, wato wurin gini, ina ɗaukar siminti ina kai wa magina, har bayana ya ce ya gaji. Ina jinya ne a unguwar Tahaggart na saba da Gumar, wani Ba'abzine na Agadas mai shagon hoto, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ce tunda buhu ya gagare ni, in zo in ɗaukar masa ƙafar kamera. Na daɗe ƙwarai ina ɗaukar ƙafar nan da batirin mota da lasifika kafin ya bar ni in taɓa kamerar kanta. In na kai hannu sai ya ce, da wane idon? Wai sai na koyi kallo tukuna. Lokacin haushi nake ji, ina ganin rowa ce irin ta tsoho.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kamera mai kaset, wadda in ka saɓa ta a kafaɗa rabin yini sai wuyanka ya karkace. Kwalin firij da muka liƙa wa takardar azurfa, da shi muke jefa hasken rana a fuskar mawaƙi, don baƙar fata a cikin farin rairayi in ba ka taimake ta ba sai a ga riga tana rawa babu mutum a ciki. Sai wani ɗan buroshi mai laushi da Gumar ke rataye da shi a wuya kamar laya, na share yashi. Yashin garin nan ba ya sallama. Kwana muke kamera tana naɗe cikin tsohon rawani, amma da safe sai ka ji tana cizon haƙora.

Dokokin Gumar kuwa har yau a kaina suke. Ta farko, baki ya hau waƙa. Ku da kuke kallo kuna zaton mawaƙi waƙa yake yi a kan dutsen nan. Ina! Waƙar an gama ta tun a ɗaki, mu lasifika muke kunna masa yana bi da leɓe. In leɓe ya riga murya ko murya ta riga leɓe, ko da ƙiftawar ido ne, mai kallo zai ji wani abu ya tsaya masa a wuya ko bai san mene ne ba. Duk wurin da baki bai hau ba, a yanke a jefar, ko da hoton ya fi amarya kyau. Ta biyu, a yanka a kan kiɗa: inda ganga ta faɗi, nan hoto ke canjawa. Ta uku, mikoro a kashe. Gumar cewa yake sautin fili shara ne, ba abin da ke cikinsa sai iska da tari da direba yana tambayar yaushe za a tashi. Har zare mikoron ya yi daga kan kamera ya jefa a akwati, don kada wani ya yi karambani. Haka kowa ke yi a sana'ar, daga nan har bakin teku.

Na tuna kilip ɗin farko da aka bar ni na riƙe. Wani mawaƙi ne ɗan Maraɗi, da rana yana sayar da atamfa a kasuwa, gajere ne kamar turmi. Ya aro mota kat-kat, irin ta ratsa sahara, wurin wani Balarabe, alhali ko keke bai iya ba. Muka tura ta da hannu har gindin dutse, aka buɗe ƙofa, ya zauna ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Na kafa kamera daidai tsayina, sai na ji Gumar ya dafe min keya ya danna ni ƙasa har gwiwata ta shiga yashi. Ya ce daga ƙasa ake ɗaukar mai waƙa. Na leƙa, sai ga turmin nan ya zama rimi, sama kaɗai ke bayansa. Ranar na gane kowane abu a kilip magana yake yi. Ƙofar mota a buɗe tana cewa ina da wurin zuwa. Canjin riga a kowane baiti yana cewa akwati cike yake. Madubin ido baƙi yana cewa ni ake kallo, ba ni ke kallo ba. Hannu kuwa, in na ma'aikaci ne, ɓoye shi muke yi cikin hannun riga, don siminti ba ya rufa wa kowa asiri. Shantiye ba ya fitowa a kilip, ko daga nesa ya leƙo sai mu juya masa baya.

Za ku ce ai ƙarya ke nan. To, ku tambayi kanku wa ake yi wa. Na daɗe ina zaton mawaƙi ake kallo, sai da na je gida wata sallah na ga yadda ake kallon aikinmu a ƙauye. Lokacin a katin salula waƙa ke tafiya, daga hannun direba zuwa hannun mai cajin waya. Mata suka taru a zaure a kan waya ɗaya, babu wadda ta damu da mawaƙin da motarsa. 'Yan baya suke kallo, samarin nan da ke jere suna tafi. Sai a ce tsaya, tsaya, koma baya, wancan ba ɗan gidan wane ba ne? Ya yi ƙiba. Wancan kuma ya rame, ko ciwo ya yi? Ashe kilip ɗinmu shaidar rai ce. Shi ya sa ranar Jumma'a, da ba a aiki, samarin shantiye ke cika ƙofar shagonmu da wankakkun kaya suna roƙon a sa su a baya. Daga nan na ɗauki al'ada, kowane kilip sai na bi layin 'yan baya da kamera, fuska bayan fuska, a hankali, yadda kowace uwa za ta samu rabonta.

Aikin da nake son ku ji shi ne na Tanimu, wani mawaƙi mai sanyin murya da ya yi waƙar kewar gida. Mun fita wata Jumma'a da sassafe kan hanyar Silet, inda duwatsu baƙaƙe suke, don a gida kilip ɗin Tamanrasset ba ya karɓuwa sai da dutse da rawani. Duk 'yan baya muka naɗa musu rawunan aro irin na mutanen ƙasar nan, amawali ya rufe baki har karan hanci. Cikinsu akwai Issufu, mai shafen bango, mutumin wajen Kance. Dogo ne, marar yawan magana, irin mutanen da in an zuba shayi su ne na ƙarshen miƙa hannu. Bai taɓa roƙon a sa shi ba sai ranar.

Iska ta taso da wuri, lasifika na ta ƙara a bayan mota, ni kuma ina bin layi ido a cikin kamera. Da na iso kan Issufu sai ya sa yatsa ya janye amawalin, ya dubi cikin gilashin sosai, bakinsa ya motsa. Ban ji komai ba, kiɗa da iska sun cika min kunne, na ɗauka amshi yake bi kamar kowa. Yana cikin motsa bakin iska ta maido masa da ƙyallen a fuska, ni kuma na wuce na gaba. Da na zauna montaj, wato haɗa hoto da waƙa, na ga bakinsa bai hau ko kalma ɗaya ta Tanimu ba. Na matsa shi gaba, na matsa shi baya, ya ƙi. Sai na yi abin da aka koya min, na yanke wurin, na bar inda fuskarsa ke rufe, idanu kaɗai a waje. Da Issufu ya zo kallo ya tambaye ni ina wancan wurin. Na ce bakinka bai hau waƙa ba, Issufu. Ya yi ɗan murmushi ya ce to ba komai, ya sa takalminsa ya tafi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekara, wadda muke kira shekarar kwasa. Ana ta tattara baƙi ana mayarwa iyaka, unguwa ta yi tsit, shantiye da yawa suka tsaya. Mutanen da da suke roƙona in sa fuskarsu, su ne suka riƙa zuwa a ɓoye suna roƙon in cire ta. Ba biki, ba suna mai kiɗa, mawaƙa suka watse, Tanimu ma ban san inda ya faɗa ba. Kamera ta yi wata da watanni a naɗe, na koma ɗaukar hoton katin shaida ina ci da ƙyar. A shekarar ce idon Gumar ya yi rauni, ya ce ba zai makance a ƙasar wasu ba, ya koma Agadas ya bar min shago da kwalayen tsofaffin kaset. A shekarar ce kuma aka zo aka ce Issufu ya faɗo daga saman wani bene a garin In Amgel, inda yake aiki su kaɗan a wurin da ke bukatar mutane da yawa. Can aka rufe shi. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne.

Bayan sanyi ya wuce, wata rana da hantsi wata mace ta yi sallama a ƙofar shago. Ta ce sunanta Hurera, ƙanwar Issufu ce, mijinta direban babbar mota ne mai kawo albasa, shi ta biyo don ta karɓi kayan ɗan'uwanta. Na yi mata ta'aziyya, na ba ta kujera, na ce in kilip ɗin take so in zuba mata yanzu. Ta ce suna da shi, har ya gaji da kallo. Ba shi ya kawo ta ba.

Ta ce mahaifiyarsu makauniya ce, shekaru ke nan. Kuma Issufu ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, amma iyayenmu mata na ƙauye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa hira da shi, kunya ce da suka gada. Tsohuwar nan tunda ta haife shi ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce wancan yaron. In ya bugo waya daga nan, ba ta karɓa. Sai ta jawo faifanta ta zauna kusa da mai amsawa tana tsintar wake da lalube, kunne a miƙe. In ya ce a gaida Inna, sai ta ce wa bango, a ce ana lafiya. Haka suka yi duk tsawon zamansa a nan. Da labarin rasuwar ya iso ba ta yi kuka a gaban mutane ba, wannan ma kunya ta hana. Abu ɗaya ta nema, muryarsa. Aka kunna mata kilip, aka ce ga shi nan a layi na baya. Ta saurara har ƙarshe ta ce wannan muryar wani ce. Lokacin ba a fara aika saƙon murya ba, waya in an kashe ta ta tafi ke nan, babu inda muryar Issufu ta rage a duniya.

Hurera ta ce, “An ce ku masu kamera kuna ajiye ragowar abin da kuka yanke. Ko tari ne ya yi, Malam Lawali, ka ba ni in kai mata. Ta daina cin abinci.”

Na san amsar tun kafin in tashi, amma duk da haka na duba. Na sauke kwalaye, na yi ta tonon kaset har azahar, ita tana zaune ba ta ko motsa ba. Na samu na hanyar Silet. Na zuba shi a na'ura, na kai wurin, sai ga Issufu ya janye amawali yana duban mu, bakinsa yana motsi. Ta miƙe tsaye ta ce in ƙara sauti. Na murɗa har ƙarshe. Ba komai sai ɗan huci na na'urar kanta. Ta ce in ƙara. Na ce mata ƙarshe ke nan, mikoron yana cikin akwati ranar, haka ake aikin. Ban taɓa jin dokar nan ta yi min ɗaci a baki ba sai ranar.

Don in rage mata zafi na ce akwai dabara. Muna iya samo wani mai irin muryarsa ya yi gaisuwa, in ɗora a kan hoton, ai ɗora murya a bakin da ba nata ba shi ne sana'ata. Ta dube ni ta ce, “Makauniya za ka ruɗa da murya?” Ta fi ni gaskiya.

Ita ce ta ce ko ba a ji ba, a san abin da ya faɗa mana. Muka yi ta maimaita wurin, ni in ce kaza, ita ta ce a'a. Sai na tuna da Ilu, mai gyaran takalmi a bakin kasuwa. Sanƙarau ya tafi da jinsa yana babba, saboda haka yana magana, kuma a leɓe yake karanta ta mutane, har ciniki ake yi da shi ba a san kurma ba ne. Na je na same shi, ya rufe akwatinsa ya biyo ni ba musu. Na rage gudun hoton yadda leɓe ke tafiya a hankali. Ilu ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya kalla, ya juya yatsa a sake, ya sake kallo, leɓensa na bin na Issufu. Can ya ja da baya, ya faɗa da muryar nan tasa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa:

“Cewa ya yi, Inna, kina ji na?”

Muka tambaye shi sauran. Ya ce akwai saura, amma ƙyalle ya rufe bakin, Allah kaɗai ya san shi. Hurera ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa fita na yi waje na tsaya ina kallon masu taksi suna kiran fasinja. Wallahi ranar na tsani sana'ata. Mutum ya sa wankakkun kaya, ya bi mu har bayan gari, ya san uwarsa ba ta gani, ya yi zaton abin da ke ɗaukar fuska yana ɗaukar murya, ni kuma ina gabansa kamu ɗaya, na ce masa bakinsa bai hau waƙa ba.

Da na dawo ciki na zauna na yi aikin da da Gumar yana nan da ya fasa min kai. Na buɗe kilip ɗin Tanimu, na mayar da wurin da na yanke inda yake. Sannan na tsinke waƙar a tsakiyar baiti, ba a kan ganga ba, ba a kan komai ba. Kiɗa na tafiya sai ya ɗauke ɗif, Issufu ya janye amawali ya yi maganarsa cikin shiru, iska ta rufe shi, sannan kiɗa ya dawo. Na ce wa Hurera wannan ba don masu ido na yi ba. Ki gaya wa Inna, inda ta ji kiɗa ya tsaya, nan yake mata magana. Na zuba mata a kati, ta ƙulle shi a bakin zane, ta tafi. Da yamma na tono akwatin Gumar na ciro mikoron, na share masa ƙura na mayar da shi kan kamera, kuma duk kamerar da na riƙe daga ranar mikoronta a kunne yake. Ita ce iskar da kuke yi wa dariya. A cikinta akwai tarin mutane da gardamarsu da wanda ke tambayar ko an fara, kuma ba na goge ko ɗaya.

Sai da albasa ta sake zagayowa mijin Hurera ya biyo ta shago. Na ba shi shayi, na tambayi mutanen gida, na rasa ta inda zan tambayi abin da nake son ji. Shi ya fara. Ya ce ranar da suka isa, tsohuwa ta sa aka kore yara daga ɗaki, aka kunna mata. Da kiɗa ya ɗauke, Hurera ta gaya mata abin da Ilu ya karanta. Ta saurara har waƙa ta ƙare. Sannan ta ce a sake. Aka sake daga farko, tana riƙe da wayar da hannu biyu a gindin kunne. Da aka iso wurin, kiɗa ya tsaya, ɗaki ya yi tsit, sai ta ce:

“Na'am, Issufu. Ina jin ka.”

Direban ya ajiye kofin shayin bai sha ba. Ya ce Hurera da aka haifa a ɗakin nan, ranar ta fara jin sunan a bakin uwarta.